Dodo Mai Cokali Da Takwaransa

Hausawa sun ce suna linzami ne, duk inda aka ja shi nan mai shi zai waiwaya. To yau zan ba ku tarihin wani suna da aka ja a birnin Tokyo na ƙasar Japan, mai shi ya waiwayo a fusace, aka shiga kotu aka fito, aka kwashe shekara 20 ana zaman doya da manja. Wanda aka raɗa wa sunan kuwa wani ɗan dodo ne da aka zana a jikin katin wasan yara. Na san wata za ta ce, "Ke kuma duk maganganun da ke duniya, me ya kai ki katin yara?" Yi haƙuri 'yar uwa. Ni sana'ata ce raɗa wa mutanen da ba a haifa ba suna, duk littafin da zan rubuta sai na yi kwana da kwanaki ina juya sunan yarinyar da na saurayin a raina. Shi ya sa da na san labarin nan ya tsaya mini a zuciya, na ga ya kamata in kawo muku shi.

Bari mu faro daga tushe. A watan Fabrairu na 1996 kamfanin Nintendo ya fitar da wani wasa na 'yar na'urar hannu, wanda duniya ta sani da Pokémon. Wanda ya ƙago shi sunansa Satoshi Tajiri, an haife shi a 1965, kuma tun yana yaro ba shi da aiki sai bin ciyayi yana kama ƙwari yana tarawa. Da ya girma sai ya mai da wannan ɗabi'a wasa, ya zama yaro zai riƙa yawo yana kama ƙananan dodanni, yana renonsu, yana haɗa su kokawa da na abokinsa. Dodanni 151 ne a wasan farko. A watan Oktoba na shekarar aka buga su a jikin kati, a 1999 katunan suka shiga Amurka, daga nan kuma abin ya game duniya kamar wutar daji.

Yadda ake wasan katin shi ne, yawancin dodannin suna rikiɗa ne hawa-hawa. Za ka ajiye katin ƙaramin a gabanka, in lokaci ya yi ka ɗora na matsakaicin a kansa, sannan ka ɗora na babban. Kamar tsani ne, ba ka isa ka taka na uku ba sai ka taka na biyu. Ku riƙe wannan da kyau, domin a nan gizo zai yi saƙarsa.

Cikin dodannin nan 151 akwai wasu 'yan gida ɗaya su uku, masu lamba 63 da 64 da 65. A Turance ana kiran su Abra da Kadabra da Alakazam. An zana su rawaya, da fuska irin ta dila, kuma a cikin labarin ƙarfinsu duk a ƙwaƙwalwa yake. Amma waɗannan sunaye na baya ne, Turawa suka sa da wasan ya isa wajensu. Sunayensu na yanka, wato waɗanda aka raɗa musu a Japan, su ne Keshi da Yungera da Fudin. Kowane ɗaya kuma in ka bi shi a hankali sai ya kai ka ƙofar gidan wani mutum da ya taɓa rayuwa a doron ƙasa.

Keshi, ƙaramin, sunansa ya yi daidai da yadda mutanen Japan ke furta sunan Edgar Cayce, wani Ba'amurke ɗan jihar Kentucky da ya rayu daga 1877 zuwa 1945. Shi wannan mutum kishingiɗa yake yi ya lumshe ido kamar mai barci, sai ya riƙa ba mutane amsar tambayoyinsu a kan cuta da magani da abin da wai zai faru nan gaba. Mu dai mun san gaibu na Allah ne Shi kaɗai, amma a can ya tara mabiya ba kaɗan ba. To shi dodon fa? A cikin wasan an ce awa 18 yake yi yana barci a kowace rana. Kun ga ai ba sai an tambayi mai zane ba.

Fudin, babban, mai cokula biyu, sunansa na komawa ga Harry Houdini, gwanin rufa-ido da aka haifa a Budapest a 1874, ya tashi a Amurka, ya rasu a 1926. A ɗaure shi da ankwa da sarƙa, a kulle a akwati, a jefa a ruwa, sai ga shi ya fito. Kada ku yi mamakin yadda "Hu" ta koma "Fu". Harshen mutanen Japan kamar namu ne a nan wajen, yadda wani zai ce huɗu wani ya ce fuɗu. Wani abin kuma, shi kansa Houdinin sunan aro ne. Sunansa na gida Erik Weisz. Ya ɗauko sunan ne daga wani Bafaranshe mai suna Robert-Houdin, wanda ya rasu a 1871, ya ƙara masa harafi ɗaya a ƙarshe domin tsananin ƙaunar da yake yi masa. Amma da ya yi suna ya bunƙasa, a 1908 sai ya rubuta littafi sukutum yana kushe mutumin da ya ari sunansa. Ɗan Adam ke nan.

Waɗannan biyun duk sun daɗe da barin duniya kafin a ƙago wasan, kuma matacce ba ya kai ƙara. Na tsakiyan ne takwaransa ke raye, yana ji yana gani.

Sunansa Uri Geller. An haife shi a Tel Aviv a watan Disamba na 1946. A farkon shekarun 1970 ya yi tashe a talabijin da abu guda, zai riƙe cokalin ƙarfe yana shafa shi da yatsa a hankali, sai a ga cokalin ya lanƙwashe. Bambancinsa da sauran masu dabo shi ne, shi ya ce nasa ba dabo ba ne, wani ƙarfi ne na musamman da yake da shi a ƙwaƙwalwa. Masu sana'ar rufa-ido da yawa suka ce a'a, mu ma muna iya yin haka da wayon hannu. A 1973 wani mai gabatar da shiri a Amurka, Johnny Carson, wanda shi ma ya taɓa yin dabo yana matashi, ya gayyace shi. Sai ya nemi shawarar wani gwanin rufa-ido mai suna James Randi, aka tanadi cokula da sauran kaya ba a bar mutanen Geller sun taɓa su ba. Ranar nan Geller ya zauna a gaban miliyoyin mutane ya kasa yin komai, ya ce ba ya jin ƙarfi a jikinsa. Za ku ce ai shi ke nan, asiri ya tonu. Ina! Sai ma sunansa ya ƙara tashi, domin wasu cewa suka yi da dabo ne ai da kullum zai yi aiki.

A 1974 ya bayyana a talabijin na Japan, ƙasar ta ruɗe. Yara suka dinga kwasar cokulan iyayensu suna murzawa ko za su lanƙwashe. Ku lissafa da kanku, a lokacin Tajiri bai wuce shekara 9 ba, shi da sa'o'insa su ne yaran da suka zauna a gaban akwatin talabijin suna kallo baki buɗe. Bayan shekara 22 yaran sun zama magidanta, sun zauna suna ƙago dodanni masu aiki da ƙwaƙwalwa. Wa kuke zato zai faɗo musu a rai?

Ga yadda sunan yake. A rubutun Japan, Uri Geller ana karanta shi Yuri Gera, dodon kuma Yungera. In aka jera su, baƙi biyar-biyar ne, huɗu iri ɗaya sak, na biyun ne kaɗai ya bambanta. Shi ma na biyun, wato "ri" da "n", kama suke yi da juna ƙwarai a ido, kowanne ɗan gajeren zane ne da dogo a gefensa. Duk wanda ya yi karatun allo ya san yadda ɗigo ɗaya ke raba baƙi da ɗan uwansa, to kusan haka abin yake. Bayan wannan kuma, ga cokali an danƙa wa dodon a hannu.

Shi Geller bai san ana yi ba sai a ƙarshen 1999. Kamar yadda ya shaida wa 'yan jarida, ya je Tokyo ne ya shiga wani shagon kayan Pokémon, sai yara suka yanyame shi suna miƙo masa kati ya sa musu hannu. Ya duba, ga wani dodo mai gashin baki riƙe da cokali, ga sunan da ya yi kama da nasa. Abin da ya fi ƙona masa rai, akwai wani katin dodon na daban da aka rubuta wa "mugu" a gaban sunan, domin a labarin ya faɗa hannun 'yan ta'addan wasan. A watan Nuwamba na 2000 ya shigar da ƙara a wata kotu a birnin Los Angeles, yana neman diyyar kusan fam miliyan 60. Ya ce an ɗauki sunansa ba izini, an mai da shi mugun matsafi. Ya ƙara da cewa tauraron da ke goshin dodon da zane-zanen da ke cikinsa suna nuni ne da tambarin dakarun SS na Hitler. Geller Bayahude ne, kuma kowa ya san miliyoyin Yahudawan da gwamnatin Hitler ta hallaka, saboda haka wannan zargi ba ƙarami ba ne.

Sai dai fa ni a ganina a nan fushi ya rufe masa ido. Tambarin SS walƙiya biyu ce masu kaifi. Abin da ke cikin dodon kuwa layi uku ne masu lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Kuma akwai wasu katuna da wani masani mai suna Karl Zener ya tsara a shekarun 1930, aka yi amfani da su a jami'ar Duke ta Amurka wajen gwada masu cewa suna karanta zuciyar mutum. Alamomi 5 ne a jikinsu: da'ira, da gicciye, da murabba'i, da tauraro, da layi uku masu lanƙwasa. Biyun ƙarshen nan su ne a jikin dodon. Wato kayan sana'ar Geller ne da kansa aka yi wa dodon ado da su.

Kamfanin shi ma ya ce bai san da wani dodo da aka raɗa wa sunan wani mutum takamaimai ba. Ni dai nan na yi murmushi. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san wanda yake yi da shi, haka ma wanda ya yi yabo. Balle a cikin dodannin farkon akwai wasu biyu 'yan faɗa, waɗanda a Japan sunayensu suka ɗauko na zakaran faɗan hannu da ƙafa Tadashi Sawamura da zakaran dambe Hiroyuki Ebihara, a Turance kuma aka kira su Hitmonlee da Hitmonchan, duk mai kallon fim ɗin Sin ya ji ƙamshin Bruce Lee da Jackie Chan a ciki. Aron suna dai al'adar gidan ce.

Ƙarar ba ta yi nasara ba. Amma kamfanin ya ji tsoron sake taka sawun ɓarawo, sai ya daina buga katin gaba ɗaya. Na ƙarshe da ya fito a Turance shi ne na 2003. A wasan na'ura dodon na nan daram, a kati kuwa aka neme shi aka rasa. Kun tuna tsanin da na ce ku riƙe? To ga matakalar ƙasa, ga ta sama, ta tsakiya an cire. Masu tsara wasan suka shiga 'yan dabaru. A 2007 suka buga katin Abra da aka ba shi ikon tsallakewa kai tsaye ya zama Alakazam. A 2016 suka fito da wani Alakazam da ake ajiye shi haka nan ba sai ya bi ta kan kowa ba. An haifi yara, sun yi wayo, sun yi wasan, sun girma sun bar shi, ba su taɓa ɓare sabon ƙunshin kati sun ga dodo mai lamba 64 ba. In giwaye biyu na faɗa ai ciyawa ke shan wahala.

Abin dariya a ciki, sunan Turancin babu ruwansa da kowa. Abra da Kadabra kalma ɗaya ce aka raba biyu, abrakadabra, wadda masu dabon Turai ke faɗa kafin su fito da zomo daga hula. Ita ma tana da nata tarihin. An fara samun ta a rubuce a littafin magani na wani mutumin Rum, Serenus Sammonicus, kimanin shekara 1,800 da suka wuce. Cewa ya yi a rubuta ta layi-layi, kowane layi a rage harafi ɗaya har ta ƙare, a naɗe a rataya wa mai zazzaɓi a wuya, wai yadda kalmar ke raguwa haka cutar za ta ragu. Laya ce dai irin tasu. To amma da yake zanen ɗaya ne a ko'ina, hanin ya shafi har ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Yungera ba.

Haka aka zauna har watan Nuwamba na 2020. Geller yana gab da cika shekara 74, sai ya fito a shafinsa na Twitter ya ba da haƙuri a kan abin da ya yi shekara 20 baya, ya ce ya janye hanin, ya bar wa Nintendo zaɓi. Ya ce wasiƙun masoya wasan ne suka yi ta zuwa masa suna roƙo. A watan Yuni na 2023 aka fitar da sabon jerin katuna a Japan mai ɗauke da dodannin farko 151 cif, ga Yungera a gurbinsa da cokalinsa. Na Turanci ya biyo baya a watan Satumba. Mutumin da ya nemi fam miliyan 60 a kan katin nan, shi ne aka gani yana ɗaga shi sama yana murna.

To jama'a, wa ke da gaskiya? Ni ga abin da na gani.

A wajenmu in ka yi wa mutum takwara ka girmama shi ne. Amma akwai ladabin abin. Za a aika a gaya masa, "An haihu, kuma an yi maka takwara." Shi kuma zai zo da 'yar rigarsa da ɗan abin da ya sawwaƙa, ya ɗauki jariri ya sa masa albarka, daga ranar akwai zumunci tsakaninsu har abada. Yanzu a ce ba a gaya maka ba, sai kana tafiya a kasuwa ka ji ana ƙwala kiran sunanka, ka waiwaya ka ga ashe da wani ake. Ka ƙara dubawa ka ga an sa masa hularka, an ba shi sandarka, ana kuma karɓar kuɗi a hannun masu kallo. Ko da niyyar kirki aka yi, wallahi sai ranka ya sosu. Ina kyautata zaton yaran 1974 yabo suka yi nufi, abin da ya burge su suna ƙanana suka so su dawwamar. Amma yabon da ba a yi sallama ba, mai shi na iya jin sa kamar zambo. Wasiƙa ɗaya tak da an rubuta wa mutumin nan kafin 1996, mai yiwuwa da duk wannan ba ta taso ba.

Shi kuma nasa laifin, ya ɗauki zafi fiye da kima, ya ga abin da babu shi a jikin zane, kuma bai tsaya ya duba su wa fushinsa zai faɗa wa ba. Ya manta cewa tashe ba ya ɗorewa. Waɗanda suka kalle shi a 1974 yau tsofaffi ne. Yaron da aka haifa a 2010 ina zai san wani mai lanƙwasa cokali, in ba don wannan ɗan dodon ba? Abin da ya ɗauka satar suna ne, shi ne ya zama ma'ajiyar sunan.

Akwai kuma wani abu da ko masu zanen sun lura ko ba su lura ba, ni dai ya ba ni sha'awa. Houdini ya ƙarar da shekarunsa na ƙarshe ne yana tona asirin masu cewa suna magana da matattu, yana nuna wa jama'a igiya da madubin da suke ɓoyewa, har ya rubuta littafi a kan haka a 1924. To a cikin wasan, dodon da ke ɗauke da sunan mai cewa ƙarfinsa na gaske ne, in ya girma ya kai matuƙa, rikiɗa yake yi ya koma mai sunan wanda ke cewa duk wayon hannu ne. Na bar muku wannan ku tauna.

Mu marubuta abin ya fi shafar mu. Ni kaina wata baiwar Allah ta taɓa yin sallama har gida, ta ce kishiyar da ke cikin wani littafina ita ce, don sunansu ɗaya kuma ita ma tana da wushirya. Ban taɓa ganin ta ba sai ranar. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, na nuna mata cewa masu sunanta a unguwarmu kaɗai sun fi a ƙirga. Ta tafi tana dariya. Wannan mai kaza a aljihu ce, ba ta jimirin as. Amma da a ce da gangan na ɗauko sunanta na sauya harafi ɗaya, na haɗa da sana'arta da tafiyarta, ai ba ni da bakin cewa dace ne aka yi. Rubuta "sunayen da ke cikin wannan littafi ƙirƙira ce" a shafin farko ba ya wanke wanda ya san abin da ya ƙulla a zuciyarsa.

Saboda haka shawarata ga ƙannena masu tasowa da alƙalami, in za ki yi wa mai rai takwara, ki je ki gaya masa. In kin san abin da za ki rubuta ba za ki iya karanta masa shi ido da ido ba, to ki nemi wani sunan, sunaye ba su ƙare ba. Ga wanda aka ari sunansa kuma, kafin ya garzaya wajen lauya ya zauna ya duba da kyau, yabo ne ko zambo. Shi Geller sai da ya tsufa ya gano amsar, kuma na yaba masa da ya fito a bainar jama'a ya ce a yafe masa, domin manya da yawa sun gwammace su tafi kabari da girman kansu.

Allah Ya sa mu bar suna mai kyau a bayanmu, Ya kare mu daga ɓata na wani. Amin. Sai mun haɗu a shafi na gaba.